Ƙullin da ke Bakin Mayafin Kaka

Kaka, mahaifiyar babanmu, ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar roron wake. Allah ya sa an kira ni daga wurin aikina a Tawa kwana biyu kafin nan, don haka ina cikin waɗanda suka kai ta makwancinta. Allah ya haskaka mata kabarinta, ya sa abin da ta yi wa idanun mutane ya tarbe ta a can.

Garinmu ƙarami ne, yana gefen Dewule, ban zaci za a taru haka ba. Tsofaffin mata sun zo daga Karofane da Babankatami, wasu a kan jakuna, wasu a ƙasa. Na lura da yawansu in sun gama yi wa Baba gaisuwa sai su kai yatsa su shafi fatar idonsu, kamar ba su san suna yi ba. Baba dai ba ya cewa komai sai amin. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna a bakin madafa da faifai tana tsince tsakuwa daga cikin geron sadaka.

Ranar uku Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fito da kayan Kaka. Mayafai huɗu ne, kowanne da ƙulli a kusurwa ɗaya. Wata tsohuwa daga Karofane ta taɓa ɗaya ta ce, "Mi tad ɗamre nan? Goro ne ko laya?" Aka kwance da ƙyar, don ƙullin ya daɗe har yadin ya koɗe a wurin. Babu komai a ciki. Aka kwance na biyu, shi ma haka. Tsohuwar ta ce, "Allahu akbar, tsuhwa ke nan." Gwaggo ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ba na so a tafi da zaton rikicin tsufa ne ya sa ta ƙulla su. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake akwai wuraren da ban fito da kyau ba a cikinsa.

Tun da na yi wayo Kaka ido ɗaya gare ta mai gani, na dama. Na hagun hakiya ta rufe shi fari fat. A wuyanta kullum akwai wani ɗan hantsaki da maƙeri ya ƙera mata, rataye da igiyar fata. A ƙasarmu amodari ya yi yawa a lokacin. Yana farawa ga yara da jan ido da kwantsa, ya tafi ya dawo, har mutane ba sa lissafa shi cikin cututtuka. Sai an girma fatar ido ta fara lanƙwashewa ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar idon duk ƙiftawa. Mai shi ba ya iya kallon rana, ba ya iya tsayawa kusa da hayaƙi. In abin ya daɗe, hakiya ta biyo baya.

Aikin Kaka shi ne cire wannan gashin. Kowace Juma'a da safe mata sukan zo su yi layi a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, da ke ƙofar ɗakinta. Mace ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta, Kaka ta karkata kai ta kawo idonta mai gani kusa, ta zare gashin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa karya gashi ba, kuma tana alfahari da haka. Takan ce, "Wanda anka karya ya hi wanda anka bari mugunta." Nata idon kuwa da lalube take cirewa, ba madubi. In mace ta yi raki sai ta ce, "Ke da kinka haihu tara, gashi guda ka sa ki kuwwa?"

Ɗabi'arta ta biyu ita ce shafar fuska. Ba ta iya ganin yaro da kwantsa ko majina ta wuce. Ko ɗan wane ne, sai ta cafko shi ta kama bakin mayafinta ta goge masa ido, ta sake shi ta cafko na gaba. Mun sha gudu mu ɓuya bayan rumbu. A shekarun farin nan da ruwa sai an yi tafiyar rabin yini, wannan mayafin shi ne wankan fuskar yaran unguwarmu duka.

Ni jikanta ne na fari, saboda haka mijinta nake. Da aka kai ni lakkol, makarantar boko, ta ce na yi mata yaji. Da na wuce Yamai koyon aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ta ce ta ji labarin na auri takarda. Da na fara zuwa hutu kuma ta raɗa mini sunan da ya bi ni har yau, Malam Wataƙila, don ko tambayata aka yi za a yi ruwa sai na kawo sharaɗi uku. Ba na musun sunan.

A labo ne na fara ganin abin da ke kawo amodari. An kankaro ɗan abu daga cikin fatar idon wani yaro, aka shafa a gilashi aka rina shi, aka sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Yawancin ƙwayoyin cutar da muka karanta suna zama ne a waje, tsakanin ɗakunan. Wannan kuwa ba ta iya hayayyafa sai a ciki. Na ga ɗakin, na ga wani ƙunshi a cikinsa cike da ɗige-ɗige, ya zauna a kan cibiyar ɗakin kamar hula. Malaminmu ya ce ƙwayar tana tafiya daga ido zuwa ido ta yatsa, ta ƙafar ƙuda, ta tsumman da aka goge fuska da shi. Da ya ce tsumma, sai na ji ƙanshin mayafin Kaka, hayaƙi da man shanu. Ban ji sauran darasin ba.

Shekarar da na gama karatu na dawo na tarar Inna ta shiga layin Juma'a. Gashi biyar ne a idon dama, uku a na hagu. Tsakaninta da Kaka akwai kunya irin ta suruka, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Amma ga ta kwance da kai a cinyar uwar mijinta. Ni ma ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba mu hira. Daga nesa nake kallonta tana daka da ido a runtse, hawaye na bin kuncinta. Na san in aka ci gaba haka, wata rana za ta zama kamar idon hagun Kaka, kuma duka biyun.

Kwana goma sha ɗaya ina juya maganar da zan yi. Na shirya ta a hankali, da girmamawa, mu biyu kawai. Sai ga shi na faɗe ta a mafi munin wuri. Ranar Juma'a ce, mata cike da gindin bedi, Kaka ta goge idon wata jaririya ta miƙa hannu ga yayarta. Na ji bakina ya ce, "Kaka, wannan mayafin naki shi ka raba ciwon ga cikin gari."

Mata suka juyo suna kallona. Na fara gyarawa, ina cewa wataƙila ba shi kaɗai ba, akwai ƙuda, akwai rashin ruwa. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Yau kam ba ka ce wataƙila ba da farko. Na jiya." Ta cire hantsakin daga wuyanta, ta tako ta rataya mini a nawa, ta shige ɗaki.

Juma'a biyu ba ta fito gindin bedi ba. Mata suka zo suka koma. Yara suka yi ta yawo da ƙuda a ido, ba mai cafko su. Gashin Inna ya tsiro, ta daina fita rana, ta ɗaure kallabi har kan gira. Baba ya kira ni ya ce, "Kai ka kwance, kai za ka ɗamre." Na ce zan gwada cirewa da kaina. Inna ta kwanta a tabarma ta kau da fuska don kunya. Na kama hantsakin. Na cire biyu, na uku ya karye. Washegari idon ya yi ja kamar garwashi, guntun gashin na sukar ta duk ƙiftawa. Na san sunan cutar da Faransanci da Latin, amma ni ne na ƙara wa mahaifiyata ciwo.

Na je na durƙusa a ƙofar Kaka. Tana zaune tana ɓarar wake a ƙwarya. Na ba ta haƙuri. Ba ta ce ta haƙura ba, ta nuna hantsakin ta ce, "Kawo shi." Ta sa aka kira Inna, ta zare guntun a kamu ɗaya, ta sallame ta. Sannan ta juyo gare ni.

"To, Malam. Abin ga da kac ce ina rabawa, ka gan shi da idonka?"

Na ce na gani. Ta ce in faɗa mata yadda yake, kuma kada in sa mata Nasaranci.

Na yi ƙoƙari. Na ce ƙwayar kama biyu gare ta. A waje ƙanƙanuwa ce, mai tauri, ba ta ci ba ta haihuwa, jira kawai take. In ta samu ɗaki a cikin fatar ido sai ta sa ɗakin ya haɗiye ta da kansa. Ɗakin yana da hanyar narkar da baƙon abu, amma ita tana hana a kai ta can. Sai ta yi wa kanta jaka a ciki, ta kumbura, ta riƙa jan abincin ɗakin tana rabuwa biyu, huɗu, takwas. Bayan kwana biyu ko uku 'ya'yan su koma ƙanana masu tauri, ɗakin ya fashe, su watsu zuwa na kusa.

Kaka ta tona ƙwaryar ta zaro ƙwayar wake ɗaya mai huda, ta ɗora mini a tafin hannu. "Wanga ne?"

Na ce ya yi kama, amma ba daidai ba ne. Wake ba ya jin ƙwaro na cin sa. Ɗakin ido kuwa da ransa, yana ciyar da baƙon yana kuma kururuwa. Jiki ya turo mayaƙansa, a yi faɗa a wurin, shi ne jan ido da kumburi. In faɗan ya lafa ya bar tabo ɗan kaɗan. Sau ɗaya ba komai. Amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, tabo kan tabo, sai cikin fatar idon ya tsuke ya jawo bakinta ciki.

"Kamar fatar da tak kusanci wuta," in ji ta.

Na ce haka ne. Wannan karon ban ƙara komai ba.

Ta murza waken. Ta ce, "Ashe ba shi ya murɗe idon ba. Jikina ne garin kare kaina." Sai ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa ta matso. "Duba. Suna nan ciki?"

Nan ne na faɗa mata abin da ya kamata in fara da shi. A kwanakin da take fushi na je Buza wurin wani tsohon anfirme, ma'aikacin jinya, da ya daɗe yana aikin ido, na ba shi labari. Ya ce mini tsoho mai tabo sau da yawa ƙwayar ta daɗe da barinsa, ɓarnarta ce ta rage. Gidanta na gaskiya idon ƙananan yara ne. Ya tambaye ni ko na taɓa tunanin abin da ya sa layin gindin bedi duk mata ne. Masu goyo ne, masu shafar fuska, su ne ke sake kamuwa daga yaran da suke riƙo. Mayafin yana kai cutar daga yaro zuwa yaro, wannan gaskiya ne. Amma da shi take goge nata idon ma.

Kaka ta ce, "Wato daga wa nis samo?"

Na ce, "Ga dukkan alamu daga gare mu. Daga su Baba, sannan daga mu."

Ta kalle ni da idon nan ɗaya, sai ta fashe da dariya har ƙwaryar ta karkace. "Kai jama'a! Miji ya tsone mini ido, ya tahi birni ya yi karatu, ya dawo ya kai ni ƙara!" Ni ban iya dariyar ba. Ta dafa kaina ta ce, "Tashi. Da za a maido ni baya, da na sake goge ku. Sai dai in nemi tsumma goma."

A ranar ta kama kusurwar mayafinta ta ƙulle. Ta ce hannunta ya riga kanta saurin tunani, in ya kai ya ji ƙulli zai tuna. Na sha ganin haka daga baya. Yaro ya gifta, hannunta ya tafi bakin mayafi, ya ci karo da ƙullin, ya tsaya. Sai ta ƙwala kira a kawo buta. Ta koyi wanke fuskar yaro da ruwan da bai fi cikin tafi ba, a tsiyaya mata, ta wanke hannu kafin na gaba. Da na samo fomad, man shafawa na ido, daga disfanse, ɗakin shan magani, na ce sai an yi mako shida ana sawa, don magani sai ya ratsa cikin ɗakin kafin ya tarar da ƙwayar, ita ta tsaya a kan iyaye mata. Wadda ta ce idon ɗanta ya washe tun kwana huɗu, Kaka ta ce mata, "Waken da ag ga ƙwaro ciki ma lahiya lau yake daga waje."

Saura Inna. Fomad ba ya miƙe fatar da ta riga ta lanƙwashe. Anfirmen ya ce akwai mai yin aikin a Madawa, a tsaga fatar idon kaɗan a juyo bakinta waje a ɗinke. Inna ta aiko Gwaggo ta ce mini ba za ta je ba. Duk garin an san wuƙa ba ta kusantar ido a tashi da gani. Baba ya ce ba zai tilasta ta ba. Hakiya kuma ta fara ɗan hawa gefen idonta na dama, na gani da kaina.

Kaka ta kira ni ta ce, "In anka yi, warkewa za a yi?"

Na so in ce i. Na ce yawanci ana dacewa, amma wani lokaci fatar takan koma, kuma ni ban taɓa ganin hannun mutumin ba.

"Ba ka da tabbas."

"Ba ni da shi, Kaka."

"To shi ya sa na yarda. Da ka ce tabbas da na san ba kai ba ne." Ta ce a nemo mota ranar kasuwa, ita za a fara yi wa.

Na ce mata ido ɗaya gare ta. In wani abu ya faru shi ke nan. Na roƙe ta, Baba ya roƙe ta. Ta ce, "Ni na ga abin da zan gani. Waccan yarinya ko aurar da ɗanta na fari ba ta yi ba. Kuma in ban kwanta ba, ba macen da za ta kwanta."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina tsaye a barandar asibitin Madawa ina tuna duk abin da zai iya lalacewa. Ita kuwa, an ce mini, tana kwance tana yi wa mai aikin faɗa wai ya riƙe hantsakinsa kamar mai tsoron kunama. Aka naɗe idon, ta kwana a makance. Da safe da aka buɗe ya kumbura, ga zare. Ta ƙifta sau ɗaya, ta sake ƙiftawa. Ta ce, "Babu yashi." Ta ce rabonta da ƙifta ido ba ta ji yashi ba tun kafin a haife ni. Sannan ta dube ni ta ce ashe mijin nata baƙi ne haka.

Bayan an cire zaren ta dawo gida, ranar Juma'a ta zauna a gindin bedi. Mata suka yi layi, wannan karon kowacce ta matso ta leƙa idon. Inna ce ta ƙarshe. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ita da ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba. Kaka ta ce, "Kin gani? Kasuwa mai zuwa." Inna ta ce, "To."

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Bayan shekara biyu gashi biyu sun dawo wa Kaka a kusurwa, ta ci gaba da cire abinta. Wasu matan sun ƙi zuwa har ƙarshe, kuma ba ta daina cire musu gashin ba, ba ta kuma goranta musu ba. Amodari bai bar garinmu ba. Abin da zan iya cewa shi ne layin Juma'a ya yi ta raguwa, kuma a hutuna na baya-bayan nan na duba idon yaran gidanmu ban ga abin da na saba gani ba. Ko saboda buta ne, ko fomad, ko rijiyar da aka gina, ban isa in raba ba. Na Inna kuwa aikin ya riƙe, duka biyun.

Da ake rabon kaya Gwaggo ta miƙo mini hantsakin. Na ce ni na taɓa riƙe shi sau ɗaya, ya ishe ni. Inna ta miƙa hannu, aka ba ta.

Ranar bakwai na je kabarin da safe na yi mata addu'a kafin in koma Tawa. A hanyar dawowa ƙayar aduwa ta huda takalmina ta karye a dunduniya. Na shigo gida ina ɗingishi, na zauna a kan turmi ina ta matsa wurin, ban ga komai ba. Ina cikin tunanin ko zai yi ruwa, ko in bari sai na isa labo, sai na ga inuwa a kaina. Inna ce. Ta durƙusa ta kama ƙafata ta juya ta wajen rana, ta zaro hantsakin daga wuyanta.

Na ce, "Inna, wataƙila ta shige da nisa, ba za a gan ta ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina ganinta."

Ta zare ta a kamu ɗaya, ba ta karye ba. Ta ɗora mini a tafin hannu, ta koma wajen dakanta.